Tarihin Sanin Zagayawar Jini: Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Awon Likita

A Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, inda hanya ke tsallakawa zuwa Matamaye da Damagaram, akwai masu sana'a biyu da ba sa rabuwa da ganin jini, kamar yadda suke a kowane garin Hausa: mahauci da wanzami. In an sa wa sa wuƙa, jini ba kwarara yake yi ba, tsartuwa yake yi yana bin bugun zuciya. In mahauci ya feɗe ya tsaga zuciyar, zai tarar da ɗakuna 4 da katangar tsoka mai kauri a tsakiya. Wanzami kuwa yakan kafa ƙaho a gadon baya, ya zuƙa har fata ta tasa, ya cire ya yi 'yan tsaga da aska, ya mayar ya sake zuƙa, can ya juye baƙin gudan da ake kira mataccen jini. Mutane sun shekara dubbai suna kallon irin wannan a ko'ina cikin duniya, amma sai a 1628 aka tabbatar cewa jinin nan zagayawa yake yi, ya fita daga zuciya ya dawo cikinta. Abin da ya jawo jinkirin ba ƙarancin gani ba ne. Tarihin wannan ilimi ya nuna cewa bai taɓa yin gaba sosai ba sai lokacin da wani ya ajiye abin da ya gada ya koma ga ƙirga da awo.

Gani kaɗai ma yakan ɓatar da mutum. Wasu likitocin Girka na dā sun ɗauka cewa manyan jijiyoyin da ke fita daga zuciya iska suke ɗauka, domin a jikin gawa sukan same su wayam. Jalinusu, wanda aka haifa wajen shekarar 129, ya gyara wannan kuskure, sai ya kafa nasa: ya ce hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, gaɓɓai su shanye shi, kuma wani kaso na ratsa katangar zuciya ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Maganarsa ta yi mulki fiye da shekara 1,000, ta shiga Larabci, Ibn Sina ya gina a kanta a littafinsa Al-Ƙanun. A wannan fahimta jini abu ne da kan taru ya yi yawa ko ya lalace a wuri guda, don haka rage shi magani ne. Wanzamin Daura da likitan Bagadaza na wancan zamani da sun zauna da bakinsu ya zo ɗaya. Harshenmu ma bai taimaka ba, tunda kalmar jijiya ita ce ta hanyar jini, ita ce ta agara, ita ce kuma ta hanyar saƙon ƙwaƙwalwa.

Ibn al-Nafis, haifaffen ƙasar Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara cewa ƙofofin nan babu su. A sharhinsa kan Al-Ƙanun ya bayyana cewa jini na barin ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu ya haɗu da iska, sannan ya shigo ɓangaren hagu. Wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, ya gano rubutun a Berlin a 1924, kuma tun daga nan akwai masu cewa Turawa ƙwace suka yi. Gaskiya ne cewa ya riga Turawan da suka faɗi haka, Servetus na 1553 da Colombo na 1559, da kusan shekara 300, kuma an daɗe ana danne masa wannan haƙƙi. Sai dai abin da ya gano rabin tafiya ne, daga zuciya zuwa huhu a dawo. Bai ce jinin da ya tafi ƙafa yana komowa ba.

William Harvey na Ingila, wanda ya yi karatu a Padua ta Italiya, shi ya rufe da'irar a 1628, kuma da lissafi ya rufe ta. Ya ƙiyasta abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ninka da yawan bugu, sai ya ga cikin rabin sa'a ta fitar da jinin da ya fi duk wanda ke jikin mutum. Ba hantar da za ta iya ƙera wannan daga tuwon da aka ci. Dole jinin ɗaya ne ke kai da komo. A awon yau, baligi na da jini kusan lita 5, zuciyarsa kuma na tura kusan lita 5 a minti guda yana zaune. Wato jarka mai cin lita 25, wadda duk mazaunin kan iyaka ya san nauyinta, za ta cika cikin minti 5, a yini da kwana a cika kusan 288. Harvey ya ƙara da gwajin da kowa zai iya yi: a ɗaure dantse jijiyoyi su fito, a danne ɗaya da yatsa a share jinin zuwa sama, za a ga bai dawo ƙasa ba, saboda 'yan marafan da ke ciki hanya ɗaya suke buɗewa, wajen zuciya. Abin da ya rage masa, wato siraran hanyoyin da ke haɗa masu kaiwa da masu komowa, Malpighi ya gan su a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma a 1661.

Za a ce ai masu yin ƙaho suna jin sauƙi, kuma ga hijama a hadisai. Ba a musun sauƙin da mai ciwon baya ko wuya ke ji, kuma ba wannan ake tattaunawa ba. Abin da lissafin Harvey ya rushe shi ne bayanin. Jinin da ke zagaye jiki cikin kusan minti ɗaya ba ya kwanciya a kafaɗa ya mutu. Duhunsa na cewa ya sauke iskar da ya ɗauko daga huhu, gudan kuma a cikin ƙahon ya daskare. Nan ne kalmar hawan jini ke yaudarar mutane, su ɗauka yawa jinin ya yi, a rage shi. Abin da ya hau shi ne ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya, kuma wannan ma sai da aka auna aka san shi: Stephen Hales ya ba da labari a 1733 cewa ya haɗa bututun gilashi da jijiyar goɗiya, jini ya haura sama da ƙafa 8. Abin ɗaurawa a dantse Riva-Rocci ya fito da shi a 1896, Korotkoff na Rasha ya haɗa shi da saurare a 1905, shi ne awon da ma'aikacin asibitin karkara ke yi wa mai ciki yau.

Ƙasar Hausa ma ta shiga wannan tarihi. A shekarun 1970, Davidson da Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi ɗimbin mata masu jego da zuciyarsu ta gaza, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi wuya. Sun danganta abin da kunun kanwa, da wankan jego na tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi: gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi na ƙara wa zuciya aiki. Bayanin ya zauna daidai, har ya shiga littattafan likitanci. Amma da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitocin Najeriya da dama, suka kwatanta da masu jego lafiyayyu, ba su ga kunun da wankan sun bambanta su ba, tunda duka ɓangarorin suna yi. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, da rama, da hawan jini lokacin ciki, kuma binciken Kano ya sa ido kan ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin matan.