Daga Talabijin Ɗaya Zuwa Waya A Kowane Aljihu

Yajin aikin da malaman jami'o'i suka yi a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya sa na waiwayi wannan tarihi. Wata takwas 'ya'yanmu suna gida a ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, damina ta zo ta wuce a kan idonsu, ni kuwa na zuba ido in ga da me suke hutawa.

Lokacin da na shiga Jami'ar Bayero a 1990, talabijin ɗaya muke taruwa a kai, a yi ta gardamar tashar da za a kama. A shekarar ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin bidiyo na Hausa da ake ƙirga farkon sana'ar daga kansa. Littattafan soyayya kuwa, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kwafi ɗaya kan zaga ɗaki goma, ba ya dawowa sai bangonsa ya yage. Dattawa sun zage mu a kansu ƙwarai, don haka ba ni da bakin cewa mu salihai ne. Amma duk abin da muka kalla ko muka karanta, tare muka yi shi, kuma in an ɗauke wuta an tashi ke nan. In na je hutu, ni ne rediyon dandali. Bayan sallar isha'i a kewaye ni ana jin labarin birni.

A 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya, layinta sai mai hali. Ɗalibai suka fara da gidajen intanet, a biya kuɗin awa. Da waya ta yi araha sai 2go da Facebook suka shiga aljihu, WhatsApp ya biyo baya, sannan TikTok. Masu turi suka kafa teburi a kasuwanninmu suna zuba fim a memori, mai cajin waya da janaretonsa ya zama mutumin da ba a faɗa da shi. Littattafan nan namu ma ba su mutu ba, sun koma WhatsApp, wasu kuma a YouTube ake karanta su ana saurare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuɗin data, domin a nan daga rumbu yake fita. Ɗana na biyu ya ce darasi zai sauke, na sa aka auna gyaɗa tiya biyu aka kai kasuwa. Da daddare na iske su su biyar a gindin darbejiyar ƙofar gida, duka 'yan jami'a, hasken waya a fuskar kowa, ƙannensu na leƙe ta bayan kafaɗa. Na yi sallama sau biyu kafin ɗaya ya cire abin kunne ya amsa.