Sunan da Baƙaƙen Amurka Suka Amsa

Baƙar fatar Amurka sun sha sake sunan da ake kiransu da shi, kuma ba a taɓa sakewa cikin ruwan sanyi ba. W.E.B. Du Bois ya dinga rubuta wa jaridu wasiƙu, su riƙa fara kalmar "Negro" da babban baƙi, har New York Times ta amince a 1930. A 1966 Stokely Carmichael ya ɗaga kiran "Black Power", matasa suka yar da "Negro" don tana tuna musu da bauta. A 1988 kuma Jesse Jackson ya nemi a ce "African American", sunan da ke nuna tushensu.

To, marubuci, in za ka ba da labarinsu, lura da zamanin, ka kira mutane da sunan da suka amsa.