'Yancin Birane a Amurka: Aro ko Gado?

Tsarin mulkin Amurka bai ambaci birni ko gunduma ba, shi ya sa aka daɗe ana gardama kan tushen ikonsu. A 1868 alƙali John Dillon na jihar Iowa ya hukunta cewa birni ba shi da iko sai wanda majalisar jiha ta ba shi, kuma tana iya karɓe abinta. A 1871 takwaransa na Michigan, Thomas Cooley, ya ce mulkin kai haƙƙin 'yan gari ne na asali. Gardamar ta kai Kotun Ƙoli a 1907, bayan dokar jihar Pennsylvania ta haɗe birnin Allegheny da Pittsburgh, alhali yawancin masu ƙuri'ar Allegheny sun ƙi. Kotun ta bi ra'ayin Dillon, Allegheny ya zama unguwa. Zanen aro dai ba ya rufe katara.