Daga Ɗan Hausa Zuwa SUBEB: Tarihin Kujerar Hedimasta

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Kwalejin Katsina kuma, da aka buɗe a 1922, ta yaye malaman da suka riƙe makarantun Arewa. Koyarwa aka horar da su a kai, ba shugabanci ba. A elemantaren En'e, malamin da ya fi daɗewa a aji shi ake danƙa wa makullin ofis da rajista da ƙararrawa, shi ke nan ya zama hedimasta. A lokacin abin bai dami kowa ba, don makarantun ƙalilan ne, ga idon hakimi da na mai duba makarantu a kansu.

Shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, na 1976 ne ya fito da giɓin fili. Yara suka yi ta kwararowa, aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar. Saurayin da bai daɗe da samun takardar Giredi Tu ba sai ya tsinci kansa yana shugabantar makarantar ƙauye. Shi zai raba alli, shi zai sasanta malamai, shi zai bi gida-gida yana roƙon iyaye su sako 'ya'ya mata, alhali ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake tsara kasafin kuɗi.

Gwamnati ta farga, amma a makare. A 1992 aka kafa NIEPA a garin Ondo domin horar da masu tsarawa da gudanar da ilimi, a 1993 aka yi dokar hukumar rajistar malamai, TRCN. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta biyo baya a 2004, nauyin ya ƙaru: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, na neman alƙaluma, ga kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, ga rufin da iska ta yaye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne har yau, a wurare da dama, daɗewa a aiki ko uwa a gindin murhu ke ba mutum kujerar. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero suna koyar da ilimin gudanar da makarantu, masu wannan karatu suna nan cikin malamai. Saura jihohi su sa horon ya zama sharaɗin naɗi, su kuma daina cire hedimasta duk lokacin da aka canja shugaban ƙaramar hukuma.