Yunwar Ƙuruciya da Tasirinta a kan Karatu da Arzikin Mutum Bayan Ya Girma

Mun saba auna yunwa da yawan waɗanda suka mutu da dabbobin da suka halaka. Amma akwai wata hasara da ba a ganinta sai bayan shekara ashirin ko talatin, a jikin yaran da suka tsira.

Masana lafiya suna ba da muhimmanci ga kwanaki 1000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2. A wannan lokaci ne ƙwaƙwalwa da ƙashi suke saurin ginuwa. Idan cimaka ta yi ƙaranci, ko tamowa ta kama yaro, sai ya tsumbure, kuma da wuya abincin da zai samu daga baya ya mayar masa da duk abin da ya rasa.

An ga haka a ƙasar Sin. Waɗanda aka haifa a 1959, farkon babbar yunwar 1959 zuwa 1961, sun girma da ragin tsawo na kimanin santimita 3, kuma ƙarfin aikinsu da abin da suke samu ya ragu. A Habasha ma, yaran da yunwar 1984 ta riska suna ƙasa da shekara 3 sun tashi gajeru a kan tsararrakinsu.

Hujja mafi ƙarfi ta zo daga ƙasar Gwatamala. Daga 1969 zuwa 1977 an riƙa ba yaran ƙauyuka biyu kunu mai madara da sinadarin gina jiki, wasu ƙauyuka biyu kuma abin sha mai sukari. Da aka bibiye su bayan sun girma, mazan da suka sha kunun kafin shekara 2 ladan aikinsu na awa ya fi da kusan kashi 46 cikin ɗari, matan kuma sun ƙara fiye da aji ɗaya a karatu.

Karatu shi ne gadar da ke tsakanin yunwa da talauci. Yaron da ya tsumbure yakan makara shiga makaranta, ya sha wahalar fahimta da hadda. Gidan da ya sayar da bisashensa kuma yakan cire yara daga karatu, a tafi ci-rani ko a gaggauta aurar da yarinya. Mu a Nijar mun shaida wannan a farin 1973, da yunwar 1984 da ake kira El Buhari, da ta 2005 a jihohin Maradi, Damagaram da Tawa.

Magabata sun fahimci nauyin lamarin. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya kasance yana yanka wa yaro kaso daga baitulmali bayan yaye. Da ya ga iyaye mata suna gaggauta yaye saboda haka, sai ya mayar da shi tun daga haihuwa.

Don haka idan damina ta gaza, mu fara da masu juna biyu, da masu shayarwa, da ƙananan yara wajen rabon zakka da sadaka, mu kuma taimaki iyaye kada ɗa ko ɗiya su bar makaranta. Allah Ya kiyashe mu da yunwa, Ya albarkaci zuriyarmu.