Tarihin Harbin Nishaɗi a Filayen Gwamnatin Amurka

A yammacin Amurka, ba baƙon abu ba ne mutum ya saɓi bindigarsa ranar hutu, ya tuƙa mota zuwa daji, ya kafa allon takarda a gindin tudu, ya wuni yana harbi. Ba farauta ta kai shi ba, saiti kawai yake gwadawa. Filin kuma ba nasa ba ne, na gwamnati ne. To, daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Bayan yaƙin basasar ƙasar (1861 zuwa 1865), wasu tsofaffin hafsoshi biyu, William Church da George Wingate, sun damu da yadda sojojin Arewa ba su iya saiti ba. Wannan ya sa suka kafa ƙungiyar NRA a New York a 1871, aka kuma buɗe filin koyon harbi na Creedmoor a 1873. Ta haka harbi ya tashi daga aikin soja ya zama wasa.

Labarin filin kuwa daban ne. Dokar 1862 ta ba duk wanda zai zauna ya noma eka 160. Mutane suka kwashe wurare masu dausayi, suka bar wa gwamnati fako da duwatsu. A 1946 aka kafa hukumar BLM domin kula da ragowar, wanda a yau ya kai wajen eka miliyan 245. Mai karatu ya kwatanta: ya ɗara faɗin Nijeriya baki ɗaya. A nan masu harbi suka sami sarari, ba kuɗin shiga, ba mai gadi.

A ganina, rashin mai gadin nan shi ya haifar da matsalar. Harsashi mai ƙarfe idan ya daki dutse yakan yi tartsatsi, ciyawa kuwa a bushe take ƙarau da rani. A 2012, wasu masu harbi biyu suka tayar da gobara kusa da garin Saratoga Springs a jihar Utah, har dubban mutane suka bar gidajensu. Ta 2017 a jihar Arizona ta fi ban takaici. Wani magidanci ne ya so ya sanar da 'yan uwa cewa namiji matarsa za ta haifa, sai ya harbi wani ƙunshi mai fashewa da aka cusa wa shuɗin gari. Wutar da ta tashi ta cinye kusan eka 47,000, kotu kuma ta ɗora masa biyan diyyar fiye da dala miliyan 8. Murnar haihuwa ke nan!

Duk da haka majalisar ƙasar ba ta hana wasan ba. Dokar 2019 ta ce filayen a buɗe suke ga masu harbi, sai inda hukuma ta rufe bayan ta sanar da jama'a ta ji ra'ayinsu. Abin da aka tsananta shi ne ƙa'ida: a sami tudun da zai tare harsashi, kada a yi harbi ta kan hanya ko ruwa, a kwashe kwanson harsashi kafin a tafi. A gandun dajin tarayya, haramun ne harbi cikin yadi 150 daga gida ko sansanin masu yawon shaƙatawa, kuma idan rani ya tsananta akan dakatar da harbin ɗungurungum a wasu yankuna har sai ruwa ya sauka.