Gundumar da Ta Rufe Makarantunta Shekara Biyar

Yau mu waiwayi gundumar Prince Edward ta jihar Virginia a Amurka. A can hukumar ilimi ke tafiyar da makarantu, amma majalisar gunduma ke ware musu kuɗi.

A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba ɗalibai bisa launin fata. Maimakon bin umarni, a 1959 majalisar ta hana kuɗin, makarantun gwamnati suka rufe. Fararen fata suka buɗe wa 'ya'yansu makarantar kuɗi, yaran baƙar fata da dama kuwa suka rasa karatu har 1964, lokacin da kotun ta tilasta sake buɗewa.

Mu lura: mai riƙe da lalitar makaranta, shi ke riƙe da makomar yara.